Nasabar Kaza da Zabo, da Wani Saƙo Maras Isnadi

Tun shigowar hunturu wani saƙo yake yawo a wayoyin jama'armu daga Ƙaraye har Rogo, babu sunan marubuci balle isnadi, yana da'awar bayyana nasabar tsuntsaye kamar yadda masana suka tsara ta. Kuma da yake an cuɗa gaskiya da ƙarya a cikinsa, ya wajaba a tsaya a tace.

Cewar da ya yi jemage tsuntsu ne, wannan ɓatacciya ce, domin jemage haihuwa yake yi ya shayar. Jimina kuwa tsuntsuwa ce ko da ba ta tashi. Batun cewa kada ya fi kowace dabba mai rai kusanci da tsuntsaye, a nan ya dace da abin da masana ilmin halittu suka haɗu a kansa.

Inda musiba take shi ne faɗarsa cewa kajin Hausa da zabi da agwagi ba su haɗa nasaba da kajin gidan gona ba, saboda haka wai murar tsuntsaye ba ta kama su, har yana halatta wa mutane su yanka wadda ta fara rashin lafiya su kai kasuwa. Wanda ya ƙirƙiri wannan magana, ko bai sani ba ko kuwa yana da kajin da yake son rabuwa da su, ya ɗauki alhaki mai nauyi. Ban ga laifin matan da suka gaskata ba, domin sun daɗe suna ganin kazar gida tana jure zafi da yunwar da ke kayar da ta gidan gona, ga shi kuma ita ce asusunsu na sabulu da maganin yara. Amma juriya daban, tsira daga annoba daban.

Tun shekarar 1758, lokacin da Linnaeus, wani malami ɗan ƙasar Suwidin, ya daidaita ƙa'idar ba kowace dabba suna biyu, na zuriya da na jinsi, ake jera tsuntsaye gida-gida, kuma binciken ƙwayoyin gado na wannan zamani ya gyara jerin a wurare da dama. A wannan tsari kazar Hausa da ta gidan gona jinsi ɗaya ne tak, asalinsu wata kazar daji ta kudu maso gabashin Asiya. Zabo, haƙiƙa, ɗan Afirka ne mai gidansa daban, kuma nan kaɗai wannan da'awa ta taɓa gaskiya. Sai dai shi da kaza da talotalo da fakara babban rukuni ɗaya ya tara su, rukunin da ya fi kusa da su kuwa shi ne na agwagi da dinya. Ko da ma nasabar ta yi nisa, ƙwayar cutar ba ta tsayawa a kanta, tunda tana kama tsuntsayen ruwa, irin waɗanda ke sauka a madatsar Challawa, har takan tsallaka zuwa ga ɗan Adam. Agwagwa ma takan ɗauke ta ba tare da alama ba, ta raba wa kajin da suke shan ruwa tare.

Ba mu manta ba cewa a Fabrairun 2006 aka tabbatar da cutar a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a Afirka, ta shigo Kano, ta kuma dawo a 2015. A 2007 kuwa ta kashe wata mata a Legas.

Ba kowace mutuwar kaji a hunturu ce murar tsuntsaye ba, domin akwai wata tsohuwar annoba mai kama da ita wadda take da allurar riga-kafi, kuma ido ba ya rarrabe su, sai gwaji irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom. Don haka duk wanda ya ga kajinsa suna zubewa, ya ware su, ya hana yara taɓa su, ya binne matattun da zurfi, ya sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukumarsa, kada kuma ya kai ko ɗaya kasuwa.