Bayan Jirgin Rimot Ya Faɗo: Ɓarnar Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya ɗaga ƙaramin jirgin sama na rimot, ko ba daɗe ko ba jima zai je ya tsinto shi a ƙasa, hanci a turbuɗe cikin yashi, fiffike ɗaya can gefe. Abin bai bar gwani ba balle ɗan koyo. Maynard Hill, Ba'amurken da ya ƙera ƙaramin jirgin da ya tsallake tekun Atlantika a watan Agustan 2003, sai da ya rasa jirage huɗu kafin na biyar ɗin, TAM 5, ya tashi daga Newfoundland ta ƙasar Kanada ya sauka a gaɓar Ayalan, bayan tafiyar kimanin kilomita 3,000 cikin awa 38 da minti 52. Jirgin bai wuce kilo 5 ba, mai shi kuwa yana da shekara 77, ganinsa ma ya yi rauni ƙwarai. Nasa jiragen teku ne ya haɗiye su. Kai da naka ya faɗo a fili, ga tarkacen a gabanka, kana da abin da shi bai samu ba: damar bin diddigin abin da ya faru.

Yawancin masu wannan harka damar nan suke zubarwa. Hankali yakan tafi ga abin da ido ya gani, karyayyen fiffike da tsagaggen soso, a ɗauko gam a liƙe, a jona batir, a ga komai na motsi, a ce shi ke nan. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Soso da katako in sun karye sun nuna kansu. Kayan lantarki kuwa sukan ji rauni su ci gaba da aiki a kan tebur, sai an yi sama, an nisanta, iska ta matsa, sannan su saki. Faɗuwa ta biyu sau da yawa 'yar ta farko ce.

Abu na farko tun a filin shi ne batir. Batirin LiPo da waɗannan jirage ke amfani da shi, kowane sel a cikinsa bolt 3.7 ne, in ya cika fal 4.2, kuma tsakanin farantansa wata 'yar siririyar fata ce kawai ta raba. Idan bugu ya huda wannan fatar, batirin yakan fara zafi daga ciki, ya kumbura, ya kama da wuta, kuma ba lallai nan take ba. Saboda haka a cire shi, a ajiye a kan yashi ko siminti nesa da ciyawa, a sa masa ido na aƙalla rabin awa. Kada a jefa shi cikin but ɗin mota ko aljihun jaka a kama hanyar gida. Wanda ya lotse, ko ya kumbura, ko yake fitar da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ya gama aiki. A jona masa ƙwan fitilar mota a waje har ya ƙare ƙaf, sannan a rabu da shi. Wanda bai nuna komai ba a auna kowane sel daban, in ɗaya ya bambanta da 'yan uwansa da fiye da bolt 0.1, shi ma abin tuhuma ne. Na san batir da tsada, kuma sai an yi odarsa an jira, amma bai kai ɗakin da ake kwana a ciki ba.

Kafin a tattara tarkacen, a tsaya a duba. Shin fulogin batir a cire yake, ko bugun ne ya cire shi? Sandar da ke haɗa wutsiya da sarbo, ɗan akwatin da ke motsa ta, tana nan a maƙale? Idan an motsa sandunan rimot kafin a cire batir, me ya amsa, me bai amsa ba? Matuƙin ma ya tambayi kansa tsakani da Allah: jirgin ne ya daina jin magana, ko shi ne ya rikice da jirgin ya juyo yana fuskantarsa, dama ta koma hagu? Ɗan koyo kan ce rediyo ce ta yanke, alhali sau da yawa jirgin ne ya rage gudu a kwana har fiffike ya daina ɗaukarsa. Rimot na zamani masu manhajar EdgeTX ko OpenTX suna iya rubuta ƙarfin sigina da na batir a katin memori, idan an kunna musu hakan, kuma wannan rubutun ya fi ƙwaƙwalwar wanda ransa ya ɓaci gaskiya.

A gida, kafin a jona komai, a kwance farfela. Wannan ba shawara ba ce, doka ce. Na'urar da ta sha bugu tana iya tayar da inji ba tare da an taɓa komai ba, kuma farfela mai inci 10 tana yanka yatsa har ƙashi.

Injin da kansa, irin wanda ba shi da burushi, mai waya uku, bai cika mutuwa ba, amma yakan cika da datti. A cikin ƙoƙonsa akwai maganaɗisu masu ƙarfi na neodimiyam, kuma jar ƙasa irin tamu ba ta rasa ɓurɓushin ƙarfe. Ka juya shi da yatsa kusa da kunnenka. Lafiyayye yana tafiya da ɗan tsalle-tsalle daidai wa daida. Mai datti kuwa sai ka ji ƙaras-ƙaras. A cire ɗan zoben da ke riƙe da sandarsa a baya, a zare ƙoƙon, a bi maganaɗisun da salatif ana mannawa ana ɗagawa har su yi fes. Sandar a mirgina ta a kan gilashi: in ta lanƙwashe za ta riƙa ɗingishi, kuma a injin A2212 da ya cika kasuwa kaurinta milimita 3.17 ne, ana samun ta daban, haka ma boris ɗinta. Sai a sa mita a auna tsakanin wayoyin uku, biyu-biyu. Awon uku ya kamata su zo ɗaya, kuma kada ko ɗaya ya nuna haɗuwa da jikin ƙarfen injin. Kwayil da ya yi baƙi ko yake warin ƙuna ya ƙone, kuma jona shi ga sabuwar na'urar daidaita gudun inji asarar kuɗi ce, domin zai ƙona ta ita ma. Mai naɗin kwayil ɗin fanka da ke da haƙuri zai iya sake naɗa shi, muddin an ƙirga zagayen tsohon kafin a warware.

Sarbo su ne 'yan akwatunan da ke motsa fukafukai da wutsiya, kuma nan ne ɓarnar ɓoye ta fi yawa. Ƙaramin nan mai giram 9, irin SG90, haƙoran giyarsa na roba ne. Bugu ɗaya kan ɓalle haƙori guda, sarbon ya ci gaba da juyawa lafiya lau in ba kaya a kansa. Gwajin shi ne a ɗora yatsa a kan hannunsa a ɗan danne, a tura sandar rimot a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan ya yi tsalle a wani wuri, ko ya yi ƙas ya wuce, haƙori ya tafi. Idan yana rawa shi kaɗai a tsakiya, ma'aunin da ke cikinsa ya ci. Sarbon da ke ɗaga hancin jirgi da sauke shi kuwa, ni dai ba na yi masa uzuri: in an yi shakka a canza.

Risiba, na'urar da ke karɓar siginar rimot a cikin jirgi, tana da rauni biyu. Eriyarta a zangon gigahaz 2.4 ba komai ba ce illa ɗan tsiraicin waya na kimanin milimita 31 a ƙarshen igiyar, wato rubu'in tsawon zangon. In ya gutsure, ko igiyar ta tsinke daga ciki inda ta shiga allon, risibar za ta yi aiki a ɗaki, ta kurmance a nisan mita ɗari biyu. Na biyu, ƙananan sassan da ke kan allon sukan tsage ba a gani. Maganin duka biyun gwajin nisa ne: a sa rimot a yanayin rage ƙarfi, a ja baya kamar taku 30, wani ya riƙe jirgin yana juya shi ta kowace fuska, da inji a kashe da kuma a kunne. A ɗan ƙwanƙwasa risibar da yatsa ana kallon sarbo. Duk wata ƙyaftawa, a ajiye ta.

Sai batun da na fi so mai karatu ya riƙe, wato wutar da ke ciyar da risiba da sarbo. A ƙananan jirage, na'urar daidaita gudun inji, ESC, ita ce ke rage wutar batir zuwa bolt 5 ta ba su. A masu arha, ragewar ta hanyar ƙona rarar ce ta koma zafi. Yi lissafi: batir mai sel uku da ya cika bolt 12.6 ne, an sauke shi zuwa 5, saura 7.6, idan sarbo huɗu suka ja amfiya ɗaya, zafin wat 7.6 ke nan a kan ɗan guntun abu da bai kai farce ba, a cikin soso, a ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri da zafi ke haura digiri 40. Da ya yi zafi sai ya kare kansa ya yanke, risiba ta mutu na ɗan lokaci, jirgi ya sulmiyo. Kafin ka isa wurin ya huce, komai na aiki, sai ka ɗora wa rediyo laifi. Sarbo ɗaya da ya cije shi ma yakan janyo wutar ƙasa har risiba ta sake tashi daga farko. Wanda jirginsa ya faɗo babu dalili bayyananne, nan ya kamata ya fara nema.

Daga nan ne maganar ƙarin inganci ke da ma'ana. Mutum in ya yi asara, zuciyarsa kan raya masa ya huce da babban inji da babban batir, kuma wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Daga sel uku zuwa huɗu ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne na bolt, amma ƙarfin da farfela ke nema yana hawa ne da gudunta sau gudunta sau gudunta, don haka da farfela ɗaya wutar da injin zai sha tana iya kusan ninkawa. ESC mai amfiya 30 da ke zaune lafiya jiya, yau sai hayaƙi. Wanda zai ƙara sel ya rage girman farfela, ya sa mitar wat tsakanin batir da ESC ya ga adadin da idonsa, ya bar rarar aƙalla kashi 20 cikin 100.

Canjin da ya cancanci kuɗi shi ne wanda ya amsa dalilin faɗuwar. Na farko a wurina shi ne na'urar rage wuta mai zaman kanta, UBEC, wadda ke yanka wutar da sauri maimakon ƙona ta. In an sa ta, a zare jar wayar da ke fitowa daga ESC zuwa risiba don kada biyun su yi karo. Na biyu sarbo mai giyar ƙarfe, irin MG90S, a wutsiya da tayar gaba, da sanin cewa ya ɗan fi nauyi kuma bugun da bai karya shi ba zai koma kan maƙalarsa. Na uku risiba mai eriya biyu, a jera su a kusurwar digiri 90, nesa da batir da sandunan kabon, wadda kuma ke aiko da bayanin ƙarfin batir zuwa hannun matuƙi. Tun da Spektrum ta fito da rimot ɗinta DX6 a 2005 aka fara barin tsoffin zangunan megahaz 72 na Amurka da 35 na Turai, inda mutum biyu a zango ɗaya ke kayar da juna, yanzu kuma tsarin ExpressLRS, wanda kowa ke da damar duba manhajarsa, ya sa doguwar sigina ta yi arha. Na'urar daidaita jirgi a iska tana taimakon ɗan koyo, amma in an kafa ta a juye, ita da kanta za ta tura shi ƙasa.

Aikin dalma ma ba abin rainawa ba ne. Haɗin da ya yi dusu-dusu kamar toka ba haɗi ba ne, a sake shi. In waya ta gaza, a ƙara tsawon na ɓangaren inji, ba na batir ba, domin dogayen wayoyin batir suna jefa wa kafasitocin ESC tsallen wuta. Wanda hannunsa bai faɗa ba ya kai wa masu gyaran waya. A kasuwar Farm Centre ta Kano akwai matasan da ke liƙa abin da ya fi soket ɗin eriya ƙanƙanta kullum, sai dai a yi musu bayanin abin da ake so.

Bayan an haɗa komai, nauyi ya riga ya sauya wuri, ga gam ga sabbin kaya. A ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, tsakanin rubu'i da sulusin faɗinsa daga gaba, a matsa batir har hanci ya ɗan sunkuya. Mai nauyin hanci yana tashi da ƙyar. Mai nauyin wutsiya ba ya sarrafuwa. A sake ɗaura risiba da rimot, a kashe rimot ɗin da gangan, farfela a cire, a tabbatar inji ya tsaya. Sannan ranar gwaji, a fili nesa da mutane da filin jirgin sama, ka tsaya a bayan jirgin ka ja sandar zuwa jikinka: bayan wutsiya ya ɗaga sama. Ka tura dama: na fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Idan ɗaya ya saɓa, ko ka yi shakka, kada ka sake shi daga hannunka ranar.