Daji ya gagara shiga, katako ya yi tsada: Yadda ake haɗa matakala mai ƙarko a arewacin Zamfara

Kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, magidanta a Birnin Tsaba da sauran garuruwan Zurmi kan hau saman soro domin yaɓe da gyaran indararo. Bayan girbi kuma, sai an hau rumbu kafin a zuba gero da dawa. Duk waɗannan ayyuka a kan tsani suka dogara, kamar yadda baranda ko shagon da aka ɗaga saboda ruwan damina ke buƙatar matakala.

A da, samun itacen ba wuya. Ana sassaƙa matakai a jikin itace mai gwafa, ko a ɗaure guntayen sanduna a jikin azara biyu. Azarar giginya da itacen ƙirya sun yi suna wajen gagarar gara. Yanzu kuwa dazuzzuka irin su Dumburum da Sububu sun zama maɓoyar 'yan bindiga, shiga neman itace ya koma kasadar rai.

Shi ya sa kafintoci suka fi dogara da yankakken katakon da ake kawowa daga kudu a manyan motoci, a saye shi a Ƙaura Namoda ko Shinkafi. Yawancinsa bai kai azara ƙwari ba, don haka ingancin aiki ne ke ceton mai hawa.

Abu na farko shi ne awo. Ana auna tsayi daga ƙasa zuwa daɓen baranda, a raba shi daidai. Idan tsayin santimita 90 ne, hawa 5 masu santimita 18 kowanne sun wadatar, faɗin wurin taka ƙafa kuma kada ya gaza santimita 25. Mataki ɗaya da ya sha bamban da sauran shi ke kayar da tsoho ko mace mai goyo, domin ƙafa ta riga ta saba da tazarar.

Na biyu, kada gindin matakala ya taɓa ƙasa. A ɗora shi kan dutse ko siminti, a shafe shi da maganin gara. Wasu na amfani da baƙin mai na inji, sai dai yana sa santsi idan ya hau wurin takawa.

Na uku, ƙusa kaɗai kan saki idan katako ya sha ruwa ya bushe. Noti ya fi riƙo, matakala mai tsawo kuma tana buƙatar abin dafawa.

Tsani mai jingina shi ma yana da ƙa'ida: a kowace mita 4 ta tsayi, a janye gindinsa mita 1 daga bango. Kafin a hau, a soka wuƙa a gindin. Idan ta shige cikin sauƙi, gara ta riga ta gama da shi.