Dami Goma Sha Shida: Yadda Kaɗan Ke Ba Da Labarin Mai Yawa

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

MAI GABATARWA:  Shirinmu na musamman yau ya yada zango a Kusada, maƙwabciyar Kankiya a jihar Katsina, kuma zancen namu na lissafi ne. Kada kowa ya kashe rediyo, domin lissafin nan kuna yin sa kullum ba tare da alli ko allo ba.

(Hayaniyar kasuwar hatsi)

Ku dubi mai sayen gero a kasuwa. Ba ya zazzage buhu. Sai ya soka ƙarfensa mai rami a gefe, tsaba ta zubo masa a tafin hannu, ya hura, ya duba tsakuwa da ƙaiƙayi, ya jefa ƙwaya biyu a baki. Ya sake sokawa ta ƙasa, don ya san halin masu ɗora mai kyau a sama. Da wannan 'yar cikin hannu zai yanke wa buhu guda hukunci. Masana ƙididdiga suna kiran ta samfuri. Tambayarsu ita ce: yaya nisan da samfuri zai iya kaucewa daga gaskiya?

Mu ƙaddara misali. Kaka ta yi a wani ƙauye na Kusada, an ɗaure damman gero dubbai, ana son sanin tiya nawa dami ɗaya ke bayarwa. Ba za a sussuke duka ba. A ce gaskiyar da ba wanda ya sani ita ce tiya 6 a matsakaici, amma hannun masu ɗauri ya bambanta: wani damin ya ba da 4, wani 8. Wato saɓani tsakanin dami da dami ya kai kamar tiya 2.

Sai mai unguwa ya tara samari ɗari, ya ce kowa ya zaɓi dami 16 ta hanyar ƙuri'a, a sussuke, a auna, ya raba jimla gida 16. Shin amsarsu za ta zo ɗaya? Ina! Wannan zai ce 6, wancan biyar da rabi, wani shida da kwata. To, a ja layi a ƙasa, a rubuta lambobi, kowane saurayi ya ajiye tsakuwa a kan amsarsa. Kafin a gama za ku ga tsakuwoyin sun yi tsibi kamar na gyaɗa: tozo a kan 6, gefe da gefe na zubewa a hankali. Wannan tsibi shi ne rarrabuwar matsakaitan samfura. Wani Bafaranshe mai suna Laplace ya nuna tun 1810 cewa in samfuri ya yi yawa, wannan siffa ce ke fitowa, ko da su damman kansu a hargitse suke.

Faɗin tsibin shi ake kira ma'aunin kuskure, kuma yana da ƙa'ida. A nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da yawan samfurin. Ga 16, lambar ita ce 4. A raba saɓanin nan na tiya 2 gida 4, an sami rabin tiya. Ma'aunin kuskure ke nan.

Amfaninsa? Kusan samari 95 cikin ɗarin nan amsarsu ba za ta wuce ma'auni biyu daga gaskiya ba, wato tsakanin tiya 5 da 7. Samun tiya 7 ko fiye kuwa, bai wuce sau ɗaya cikin arba'in ba. Saboda haka in wani ya dawo yana cewa shi 8 ya samu, kafin a yi guɗa a tambaye shi rumbun wa ya shiga.

(Sautin taɓarya da turmi)

Ga inda lissafin ke da rowa. Dami 4 kuskurensu tiya guda ne. Dami 16, rabin tiya. In kana son kwata, sai dami 64. Kowane rabi da za ka rage, sai ka ninka wahala sau huɗu. Masu sussuka ne za su fi kowa gane wannan magana.

Haka hukumomi ke aiki. Tun ƙidayar 2006, wadda ta ba jihar Katsina mutum miliyan 5.8, ba a sake ƙirga 'yan Nijeriya gida-gida ba. Galibin alƙaluman da kuke ji daga samfuri suke. A binciken lafiyar iyali na 2018, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta zaɓi gidaje kimanin 42,000 a wurare 1,400. Ga ƙasa baki ɗaya wannan ya wadatar. A raba wa jihohi 36 da Abuja, kowace ta tashi da dubu da 'yan kai. A sake raba rabon Katsina ga ƙananan hukumomi 34, abin da zai faɗo wa Kusada bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa irin wannan bincike kan tsaya a matakin jiha. Wanda ya ɗauki adadin jiha ya liƙa wa Kusada, ya ɗora wa samfuri kayan da ya fi ƙarfinsa.

Sai dai duk wannan lissafi yana da sharaɗi: ƙuri'a. A 1936 wata mujalla a Amurka, Literary Digest, ta tattara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce ɗan takara Landon zai kayar da shugaba Roosevelt a zaɓe. Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta aika wa takarda, yawancinsu daga jerin masu tarho da masu mota ta kwaso su, a lokacin da talaka ke fama da na tuwo. Samarinmu ma in suka tsaya a gonakin bakin hanya, ko suka bar mai gona ya miƙo musu damin da yake alfahari da shi, ko dami dubu suka sussuka, amsar karkatacciya ce. Ma'aunin kuskure yana auna saɓanin sa'a ne kawai. Ba ya ganin son kai.

Don haka gobe in kun ji an ce bincike ya nuna kaza cikin ɗari, ku yi irin ta mai sayen gero. Ku tambaya: mutum nawa aka tambaya, kuma ta wane gefen buhu aka soka ƙarfen?

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya cika rumbuna. Mu kwana lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)