Sai An Rufe Iyaka Ake Samun Fili

Duk wanda ya bi fadamar Gulbin Rima a watannin sanyi, tun daga gindin madatsar Goronyo har ya gangaro Wurno da Kwargaba, ya ga yadda albasa da tafarnuwa da alkama suka yi kore shar cikin fangali, kowane da kunyar da ta kewaye shi, da wuya ya yi tsammanin wannan tsari yana da wata nasaba da mutumin da ke zaune a ofis cikin Sakkwato yana jan layi a kwamfuta. Alhali kuwa a zamanin nan, manyan ayyukan noman rani, kama daga haƙa hanyar ruwa zuwa baje fili da raba shi ga manoma, sai an zana su tukuna a manhaja irin su AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fara fitarwa a 1982, shekara biyu kafin a kammala ginin madatsar Goronyo a 1984. Madatsar nan tana iya riƙe ruwa fiye da mita miliyan 900 na awon ciki, amma amfaninsa ga manomi ya rataya ne ga abu guda, wato ko ruwan zai iso gonarsa ya kwanta daidai, ko kuwa zai taru a gefe ɗaya ya bar ɗaya gefen da ƙishi.

Aikin yana farawa ne daga safiyo, wanda ke zagaya gona da na'urarsa yana ɗaukar matsayin kowace kusurwa, sa'an nan a zuba lambobin cikin kwamfuta su zama ɗigo-ɗigo, a haɗa su da layi. To, a nan ne mai koyo yake fara gamuwa da sharaɗin da babu sassauci a cikinsa. Layuka huɗu da suka yi kama da gona a idon mutum, a wurin kwamfuta layuka huɗu ne kurum, ba su da ciki ba su da waje, har sai ƙarshen kowane ya zauna daram a kan farkon na gaba, na ƙarshe kuma ya komo inda na fari ya tashi. Idan aka samu giɓi, ko da bai kai kaurin gashi ba, aka umarce ta ta cika wurin da launi ko ta mai da shi fili guda mai faɗi, sai ta ƙi, ta ce ba ta ga rufaffiyar iyaka ba. A wasu manhajojin zane ma launin ya ɓulle ta giɓin ya mamaye takardar baki ɗaya, kamar dai yadda ruwa ke yi wa mai ban-ruwa idan ɓera ya huda masa kunyar fangali.

Wannan ba taurin kai ne na na'ura ba. Ƙa'ida ce ta ilmin handasa, wadda wani Bafaranshe, Camille Jordan, ya rubuta hujjarta a 1887, cewa duk layin da ya zagayo ya rufe kansa ba tare da ya tsallaka kansa ba, lalle ya raba shimfiɗa gida biyu, ciki da waje. Magana ce da yaro ma zai yarda da ita, sai dai tabbatar da ita da dalili ya wahal da malamai ƙwarai. Malamanmu na da kuwa sun san wannan fanni da sunan ilmin misaha, kuma Alkhawarizmi, a littafinsa na aljabaru da ya wallafa a Bagadaza a ƙarni na tara na Miladiyya, ya keɓe masa babi guda, ya bi shi da mas'alolin wasiyya da gado, domin ya san alƙali ba zai fitar da sumuni ko sudusi daga gona ba matuƙar ba a san iyakarta da faɗinta ba. Haka malaman taki na zamanin En'e suka yi ta ƙidaya gonaki da sawu saboda haraji, masu awon igiya suka biyo bayansu. Hisabin bai sake ba. Abin da ya sake shi ne, mai taki yana iya cewa "kusan nan ne" ya wuce, ita kuwa kwamfuta ba ta san kusan ba.

Illolin da ke hana iyaka rufuwa sanannu ne ga masu sana'ar. Akwai layin da ya gaza, akwai wanda ya zarce ya bar wutsiya, akwai wanda aka zana sau biyu ɗaya bisa ɗaya. Mafi ɓoyuwa a cikinsu shi ne wanda idan ka dube shi daga sama sai ka rantse ya haɗu, alhali kusurwa guda ta zo da tsayinta na gaskiya daga na'urar safiyo, mita ɗari biyu da wani abu bisa teku, 'yar'uwarta kuwa, da aka ƙara da hannu, tana kwance a sifiri. Sai an juya zanen an kalle shi ta gefe sa'an nan a ga layin ya miƙe tsaye kamar zai hau sama. Mai zane yakan kusanto da kusurwa har ta cika fuskar kwamfutar, ya datse wutsiya, ya ja wanda ya gaza, ya ɗinke su duka su zama layi ɗaya, kana ya rufe. Manhajar tana ba da damar a ce mata ta kau da kai daga giɓin da bai wuce kaza ba, kuma rahama ce ga mai gaggawa, amma a ganina bai kamata a saba da ita a taswirar da za a yi shari'a ko rabon gado da ita ba, gama giɓin yana nan, rufe ido kawai aka yi.

Da zarar iyaka ta rufu, sauran aikin ƙiftawar ido ne. Gona mai tsawon mita 120 da faɗin mita 80 za ta fito da murabba'in mita 9,600, wato ta gaza hekta ɗaya kaɗan. In akwai rijiya ko tudun da ba a nomawa a tsakiya, sai a zagaye shi da tasa iyakar a cire shi daga jimla.

Amma fa iyaka faɗi kaɗai take bayarwa, ba ta faɗin abin da ke cikinta, kuma nan ne zancen ya fi shafar mutanen fadama. Gonaki biyu suna iya zama da iyaka iri ɗaya sak, ɗaya a baje, ɗaya da kwari a cibiyarta. Masu ƙera motoci da jiragen sama su ne suka fara fama da wannan mas'ala, har Steven Coons na jami'ar MIT ya bayyana a 1967 hanyar da za a ba kwamfuta lanƙwasassun layuka huɗu ta saje tsakaninsu ta fitar da fuska mai santsi, Pierre Bézier kuma yana nasa aikin a kamfanin Renault na Faransa. Wannan ya dace da murfin mota, inda mai zane shi ke da ikon cewa ga yadda yake so abu ya kasance. Ƙasa kuwa Allah Ya riga Ya shimfiɗa ta, gulbi ya yi mata rubutunsa, babu halin a yi mata ƙiyasi daga gefe. Saboda haka safiyo yakan shiga cikin filin ya ɗauki tsayin ƙasa a wurare masu yawa, manhaja irin su Civil 3D ta haɗa kowane ɗigo uku su zama alwatika, bisa tsarin da Boris Delaunay na Rasha ya kawo a 1934, har alwatikan su lulluɓe filin. A nan rufaffiyar iyaka tana yin aiki na biyu, wato ta tsayar da shimfiɗar inda awo ya tsaya, domin in ba a sa ta ba, kwamfuta za ta miƙa alwatika ta ƙetare lungun da ƙafar safiyo ba ta taka ba, ta ƙago ƙasar da babu ita.

Daga wannan shimfiɗa ne injiniya ke sanin inda za a kankare da inda za a cike, da gangaren da ya wajaba a bai wa hanyar ruwa. Lissafin ba na wasa ba ne: kuskuren santimita 10 a kan hekta guda daidai yake da ƙasa mita 1,000 na awon ciki, lodin tifa ɗari ke nan in kowace tana ɗaukar goma, kuma wani ne zai biya kuɗin man. Fadamar Rima kuwa ba ta zama yadda aka bar ta. Ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta ci garuruwa da gonaki daga Goronyo har Sakkwato, ta nuna yadda ruwa ke shafe kunya ya zuba yashi inda da laka ce. Iyakar da aka ajiye da lambobi ana iya komawa a kafa turakunta inda suke, ko da gamba da bishiyar da dattawa suka shaida da su sun tafi. Amma tsayin ƙasar da ke ciki ya riga ya sauya, shi kam ba makawa sai safiyo ya sake saɓa na'urarsa ya shiga fadama ya auna shi daga farko.