Maƙerin Gwangwani da Jirgin Ƙasa Mai Hayaƙi

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Jogana da Zakirai, ta tsakiyar gonakin gero da dawa da gyaɗa. Dattawan wannan yanki sun ga jirgi mai cin kwal ɗin Inugu da idonsu, yana jan taragun gyaɗa yana tuƙa baƙin hayaƙi. Jikokinsu na dizal suka tarar. Duk da haka, in maƙerin gwangwani ya ƙera wa yaro jirgin wasa babu bututu, yaron ba zai karɓa ba.

Wannan maƙeri ba da kayan wasa ya fara ba. Aikinsa na gado shi ne mazurari da aci-bal-bal da ludayin awon mai, yana zaune a rumfar kasuwa da almakashi da 'yar guduma da kaskon gawayin da yake gasa ƙarfen dalma. Roba ta ƙwace masa mazurari, tocilan da fitilar sola suka kashe aci-bal-bal. Masu basira a cikin maƙeran sai suka juya, in salla ta gabato, suna ƙera motoci da jirage.

Jikin jirgin ba ya ba shi wahala: babban gwangwanin madarar gari a kwance, tayoyi na yankan tsohon silifa, wayar ƙafar keke a tsakaninsu. A wurin hayaƙi ake gane gwani.

Garwashi in an rufe shi cikin gwangwani mutuwa yake yi. Don haka sai an huda ƙofofi a ƙasa, iska ta shiga ta can, ta bi ta kan wutar, ta fita ta bututu. In bututun ya cika faɗi, hayaƙin ya watse tun bai tashi ba; in ya cika tsukewa, ya shaƙe wutar. Kuma ba a liƙe shi da dalma, domin dalmar liƙi tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, garwashi kuwa ya wuce nan nesa. Lanƙwasa bakin ake yi a daddake shi har ya kama. Abin ƙonawa ma da zaɓi. Tsumma yana cinyewa nan da nan, ga ƙauri. Maganin sauro na kunnawa yana daɗewa, amma bai kamata a ba yaro abin da zai yini yana shaƙa ba. Ɗan turaren wuta a kan ƙaramin garwashi ya fi su duka: hayaƙinsa fari ne, mai kauri, uwar yaro ma ba ta korar sa daga tsakar gida.

Sai dai hayaƙin da ke silalowa siriri ba na jirgi ba ne. Jirgin kwal mai tukunyar bugu biyu yana furzar da hayaƙi sau huɗu duk zagayen taya ɗaya, shi ne sautin nan da tsofaffi ke kwaikwaya da baki. Maƙeri ya san zuga-zugi tun yana yaro, sai ya yi ɗan ƙarami da yankin tiyub ɗin keke, ya lanƙwasa wayar tayar baya yadda duk juyi za ta danna shi. Yaro na ja, bututu na furzarwa. Ya ruga a guje, furzarwar ta ƙaru.

A Jamus, kamfanin Lehmann ya fito da manyan jiragen wasa na LGB a 1968, masu bin layi mai faɗin milimita 45 a cikin lambu. Irin waɗannan ba sa ƙona komai don fitar da hayaƙi: siririyar waya ce lantarki ke zafafawa, lagwani ya jawo mata mai mara kauri, man ya zama tururi, a wasu kuma 'yar fanka ta tura shi daidai da juyin taya. Dabarar ta fi tsafta, amma tana shan lantarki ƙwarai.

Fitilar jirgin maƙeri kuwa daga matacciyar tocilan ake ciro ƙwanta, a haɗa da tsohon batirin waya mai bolt 3.7, a sa 'yar rizisto a tsakani don kada ƙwan ya ƙone. Haskensa fari ne fat har da shuɗi-shuɗi, bai dace da tsohon jirgi ba, sai a rufe shi da ledar alewa ruwan ɗorawa, a goge gindin gwangwani a sa a baya ya tattara hasken gaba. Wani yakan ƙara jan ƙwai a ɗakin direba, a madadin wutar murhu.

Abin da ya fi damuna shi ne gobara. A ƙauyukan nan danga ta kara ce, rumbu na kusa, hunturu kuma ba ya raga wa tartsatsi. Maƙerin kirki yakan sa garwashin cikin 'yar aljihun ƙarfe mai murfi da ake zarowa. Yaro ya ce, "Baba, a ƙaro mini wuta," shi kuwa ya ce, "Ɗana, fara nuna mini yadda za ka kashe ta." Sai yaron ya zaro aljihun, ya juye a ƙasa, ya tura rairayi a kai, sannan a karɓi kuɗinsa.