Yadda lissafin kwamfuta ke bin sawun ciwon daji

Ƙwayar halitta ɗaya in ta ninka sau 30, tana haura biliyan ɗaya, kamar adadin bayit na 1GB a wayarka. A lokacin ƙarin bai wuce santimita ɗaya ba. Sai dai wajen kwafar DNA ana samun kuskure, don haka ƙwayoyin kan rarrabu iri-iri, kamar yadda Peter Nowell ya bayyana a 1976.

Manomin shinkafa a Yauri ya san irin wannan: feshi ya kashe ciyawa mai rauni, mai taurin kai ta mamaye gona. Shi ya sa masana a cibiyar Moffitt ta Amurka ke lissafa lokacin dakatar da magani, domin raunanan ƙwayoyi su ci gaba da takure masu taurin.

Girman ƙari, yawan iri. In ka ji ƙullutu, garzaya asibiti da wuri.