Tsando: ƙaramin dangin ƙuda mai haihuwa ɗaya-ɗaya

Duk makiyayin da ya taɓa kora shanu kudu, wajen gandun dajin W, ko ya ƙetara Benin da Najeriya, ya san aikin tsando: saniya ta tafi da ƙiba, ta dawo ƙashi da fata, nono ya ƙafe. Sammore ke nan. To, wane irin ƙuda ne wannan?

Masana sun kasa ƙudaje dangi-dangi. Wasu dangin, kamar na sauro, suna da iri dubbai. Shi kuwa dangin tsando, da ake kira Glossinidae, ƙarami ne ƙwarai: gida ɗaya ne tak, mai suna Glossina, iri 20 da ƴan kai. Kusan dukansu a Afirka suke, kudu da Sahara.

An raba su kashi 3, kowane da wurin da ya fi so. Akwai ƴan morsitans, masu zama dajin itatuwa inda namun daji ke kiwo. Akwai ƴan palpalis, masu bin kurmin bakin kogi da mashaya. Su ne suka fi haɗuwa da mutane, su ne kuma kan gaba wajen yaɗa ciwon barci a Afirka ta Yamma. Sai ƴan fusca, na cikin kurmi mai duhu, can kudu. Kun ga dalilin da ya sa ba a ganin tsando a tudun Tawa ko Damagaram: yana son inuwa da laima, zafi da bushewa suna kashe shi. A Nijar, sai can kusurwar kudu maso yamma.

Yaya za a gane shi? Ya kai ƙudan gida ko ya ɗan fi shi. In ya sauka, yakan ɗora fiffike ɗaya kan ɗaya kamar almakashi a rufe. Bakinsa na miƙe gaba kamar allura. A tsakiyar fiffiken akwai zane mai siffar gatari. Mace da namiji duka jini kaɗai suke sha, ba kamar sauro ba da mace ce kawai ke cizo.

Abin mamaki shi ne haihuwarsa. Ƙudan gida na zuba ƙwai ɗaruruwa, amma macen tsando ba ta saka ƙwai waje. Ƙwai ɗaya ke ƙyanƙyashewa a cikinta, tana ciyar da tsutsar da wani ruwa kamar nono, sannan ta haife ta a inuwa, kan ƙasa mai laushi. Nan take tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta taurare, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Haihuwa ɗaya ce duk kwana 9 zuwa 10, kuma da wuya mace ta wuce ƴaƴa 10 a rayuwarta.

Nan ne lagonsa yake. Tunda bai hayayyafa da sauri, in ana kashe mata kaɗan-kaɗan kullum, sai dangin ya durƙushe. Shi ya sa tarkon ƙyalle shuɗi da baƙi ke aiki, don shuɗi na jan shi. A tsibirin Unguja na Zanzibar ma, an yi ta sakin mazan da aka mayar bakarare, har aka kawar da shi a 1997.

Shi tsando ɗan aike ne kawai. Ƙwayar cutar, tiripanosom, yana kwaso ta daga jinin dabba mai ciwo ko naman daji, ya kai wa lafiyayya. Wani likitan sojan Birtaniya, David Bruce, ne ya tabbatar da haka a Afirka ta Kudu a 1895. Shanun kudu irin su Ndama da Muturu suna jure cutar, amma namu masu tozo, Azawak da Bororo, ba sa jurewa.

Saboda haka, mai shirin tafiya kudu ya fara ganin likitan dabbobi, ya kuma rage tsayawa a mashaya mai duhuwa. In dabba ta dawo tana ramewa, ido na hawaye, kar a tsaya sayen allura a kasuwa da ka, a nemi masu sani. Ƴan uwa na waje da ke da dabbobi a hannun makiyaya, ku ma ku tuna musu. Allah Ya tsare mana dukiya.